Uwar da Teku Ta Mayar

Ga ta nan, ga ta nanku, yau daga bakin teku ta taso.

Ta zo mu ji ta, ko da a jiƙe take.

To, ku gyara zama. A Mamallapuram, a layin masassaƙan dutse, inda tun kaji ba su sauko ba za ka ji kurfi na cin dutse, akwai wata mata ana ce da ita Alamelu. Ta ba sittin baya, gajeriya ce, mai ido irin na kaza mai 'ya'ya. Ba abin da zai gifta ta ƙofarta ba ta auna shi ba. Mijinta Elumalai shi ne babban masassaƙin layin a zamaninsa. Yanzu kam ƙurar dutse ta cinye masa idanu, iyakarsa ya bambance rana da inuwa, amma bakinsa bai tsufa ba. Kullum yana kan dakali, duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya sha maganar nan da kowa ya haddace: shekara arba'in yana sassaƙa, dutse bai taɓa tsagewa a hannunsa ba.

Kada ku ɗauka ƙaramar magana ce. A wannan sana'a, gunkin da ya tsage ba a yi masa bikin buɗe ido, ba a kai shi haikali, ba a zuba masa madara. Ruwa ake ba shi ya tafi da shi. Sunan masassaƙin kuma yakan bi shi cikin ruwan, don wane ƙauye ne zai sake kawo aikin gunkin Uwar da yake bauta wa wurin mutumin da bai san jin muryar dutse ba?

Ɗansu guda ne, Tangarasu. Hannunsa na da kyau, amma zamani ya mayar da shi mai sassaƙa 'yan giwaye da kunkuru don baƙi masu hular rana. Ubansa kan ce masa mai kayan wasan yara, shi kuma ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa.

Abin ya faro ne bayan guguwar ƙarshen damina, wadda ta kwashe yashi har gindin haikalin bakin teku. Kwana uku da lafawarta, Alamelu ta ga sabon kwaɗo a ƙofar rumfar baya, rumfar da ko sakata ba ta taɓa sani ba. Ta ci gaba da shararta. Kashegari ta ɗauki zanen ɗan nata za ta wanke, ta ji yana ƙarnin teku, alhali Tangarasu mutum ne da ko ƙafarsa ba ya son ruwan gishiri ya taɓa. Ta wanke ta shanya. Sai ga wani mutumin Chennai da farar mota da baƙin tabarau, ya zo sau biyu, bai ko kalli giwayen ba, suka tsaya can gefe suna magana ƙasa-ƙasa. A zuwa na biyu ta ga Tangarasu na girgiza kai, mutumin ya buga ƙofar mota ya tafi. Daga ranar ɗan nata ya daina cin abincin kirki, sai ya tona shinkafa ya ture ganyen ayabar da aka zuba masa a kai.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Ita ma ta san abin da ake raɗawa a garin. Haikali bakwai sarakunan da suka gina a bakin ruwa, teku ta haɗiye shida ta bar ɗaya, kuma duk sa'ad da ta yi fushi takan amayo wani abu daga cikinsu. Doka ta ce duk tsohon dutse na gwamnati ne. Amma akwai waɗanda bayan kowace guguwa sai ka gan su da sabon babur. Da ta tambaye shi abin da ke rumfar, ya ce aiki ne. Ta ce wane irin aiki ne ke wari kamar kasuwar kifi? Ya tashi ya ba ta wuri.

Ranar Juma'a da safe, tana sunkuye tana zanen garin shinkafa a bakin ƙofa, motar 'yan sanda ta taka rabin zanen ta tsaya. Wanda ya kai tsegumin, har yau ba a sani ba. Kowa a layin ya zargi na kusa da shi, wasu suka ce mai farar mota ne ya huce haushinsa. Aka fasa kwaɗo, ƙarti shida suka fito da wani abu naɗe cikin buhu, suna nishi. Aka tasa ƙeyar Tangarasu. Elumalai na kan dakali, ya juya fuska wajen hayaniyar ya ce duk wanda ya taɓa kayan sarakuna shi ya jiyo, shi bai haifi ɓarawo ba.

Alamelu ta bi su caji ofis a ƙafa. Sufeton wani siriri ne mai gashin baki, da ɗigon tokar ibada a goshi, yana kurɓar shayi kamar ba shi da gaggawar komai a duniya. Ya ce mata gunkin Uwa ne na dutse a cikin buhun, kuma yaron ya ce wai a komar wani masunci Kuppan abin ya fito. An kira Kuppan, ya rantse da 'ya'yansa cewa komarsa kifi kawai take kamawa. An tambayi yaron don me bai kai rahoto ba, don me ya kulle, ya yi gum da baki.

"Uwa, hanya biyu ce," in ji sufeto. "In tsoho ne, ya saci kayan gwamnati. In sabo ne, jiƙa shi ya yi a teku don ya sayar da sunan tsoho, ya zama ɗan damfara. Ki zaɓa masa wadda ta fi miki daɗi. Litinin da hantsi zan tura shi kotu, daga nan ya fita hannuna."

Gaba kura, baya sayaki. Aka bar ta ta gan shi ta tsakanin ƙarafa. Yana zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Ta ce ya dube ta, ya faɗa mata ko ya sata. Ya ce bai sata ba. Ta ce to mai farar mota fa, gaisuwa ta kawo shi? Ya sunkuyar da kai, ta ga alamar biri ya yi kama da mutum. Har ta juya za ta tafi ya kira ta.

"Inna, abu ɗaya nake roƙo. Kada ki kawo Appa nan. Kada ma ki gaya masa kamanninta."

Wannan magana ita ta tsaya mata a rai. Yaron da zai tafi gidan yari, damuwarsa kada makahon ubansa ya san kamannin dutse? Ta koma wurin sufeto, ta zare furen da ke kanta, ta ce yau Juma'a, ko ta wace ce, ko daga ina ta fito, ba a barin Uwa a tsakar gida babu fure. Sufeto ya dubi furen, ya taɓa tokar goshinsa, ya ce wa wani kurtu ya raka ta.

An jingine ta a gindin darbejiya, tsakanin baburan da aka kama. Alamelu ta yaye buhun. Mace ce, tsayinta ya kai ƙirjin Alamelu, jikinta duk ɓawon kawa da busasshiyar gansakuka, sai wuraren da aka kankare. A hannunta na dama akwai aku. Idanun kuwa shafe suke, ba a buɗe ba. Alamelu ta ce ai wannan ba a taɓa bauta mata ba. Kurtun ya yi dariya ya ce rabin duwatsun garin nan ba a gama su ba, masassaƙan sarakuna ma sun ajiye kurfi a tsakiyar aiki sun tafi, shekara dubu da ɗoriya ba wanda ya san dalili. Shafaffen ido ba hujja ba ne.

Ta zagaya baya don ta soke furen. Nan ne aka fi kankarewa. Daga ƙeya zuwa ƙugu bayan sumul yake kamar tafin jariri, daga ƙugu zuwa ƙasa kuma kaushi, gogewar ta tsaya cak kamar an ja layi. Ta dafa babur.

Ta san wannan bayan. Wata bakwai ta yi tana shara a kewayensa.

Shekara talatin da shida ke nan. Tana amarya, da cikin Tangarasu. Mahaifin Elumalai bai daɗe da mutuwa ba, wani ƙauye na can cikin ƙasa ya kawo masa babban aikinsa na farko, Uwa mai aku. Ƙanen Alamelu, Marudan, shi ke masa gogewa, yaro ne mai haƙurin hannu, yakan yini da dutsen wasa da ruwa bai ɗaga kai ba. Saura kwana tara a buɗe ido, an riga an sayo allurar zinariya da madubi, aka wayi gari rumfa wayam. Elumalai ya yi ta dukan ƙirji a tsakiyar layi. Bai taɓa cewa ɓarawo ba, ku shaida. Abin da yake ta nanatawa shi ne, mabuɗi biyu ne, ɗaya a wurinsa, ɗaya a wurin Marudan. Mutane suka ƙarasa masa. Ba masassaƙin da ya sake barin Marudan ya taɓa dutse. Ya zo ƙofarta da wata magana, ta rufe ƙofar kafin ya gama. Elumalai ya sassaƙa wata Uwar cikin wata biyar, sunansa ya tashi sama, ita kuma tun ranar in ta hango ƙanenta sai ta canza hanya.

Tunanin farko da ya zo mata shi ne, ashe nan Marudan ya kai ta. Amma tana tafe gida tana juya maganar, ta ƙi zama. Ɓarawo sayarwa yake yi. Wane ɓarawo ne zai ɗauki dutsen da ƙarti shida ke nishi a ƙarƙashinsa, ya kai teku ya jefa? Mutum ɗaya ke ba ruwa gunki, masassaƙin da ya tsage a hannunsa. Kuma lokacin da take soke furen, yatsanta ya bi wani siririn layi a wuyan, daga bayan kunne zuwa kafaɗa.

Asabar da hantsi ta nufi Curin Man Shanu, ƙaton dutsen nan da ke tsaye a kan gangara kamar yanzu zai mirgino. A inuwarsa Marudan ke sayar da ɗanyar kwakwa. Ya tsufa, ya rame, gashinsa fari fat, amma hannun na nan, sara uku ya fasa kan kwakwa. Ta tsaya har baƙin da ke gabansa suka watse. Bai ɗaga kai ba.

"Kwakwa za a ba ki, ko mabuɗin kika zo karɓa?"

"Tambi," in ji ta, wato ƙanena, kalmar da ta shekara talatin da shida ba ta fita bakinta ba.

"Au, ashe ina da Akka, ina da babbar yaya. Na ɗauka teku ta tafi da ita tare da haikalai shida."

Ta haɗiye maganar. Ta ce masa an kama Tangarasu, ya ce ya ji, garin nan ko tusa aka yi a layin masassaƙa sai ta iso nan kafin azahar. Ta ce ta ga dutsen, ta ga inda gogewarsa ta tsaya. Nan ya ajiye addar. Ta ce ya faɗa mata abin da ya zo faɗa ranar da ta rufe ƙofa.

Ya ce ai ya faɗa, ita ce ta toshe kunne. Ranar yana gogewa ya watsa ruwa a jikin Uwar, ya zauna cin abinci. Da ya dawo ko'ina ya bushe, ban da zare ɗaya a wuya, yana nan a jiƙe, baƙi. Ya kira Elumalai ya nuna masa. Elumalai ya daɗe yana kallo, ya ce masa ya tafi gida ya huta kwana biyu. Da ya dawo, babu Uwa, sai maganar mabuɗi.

"Na ce miki dutsen ya tsage. Kika ce dutse ba ya tsagewa a hannun mijinki, in bar ƙofarsa. Ai ke kika fara waƙar, shi amshi ya yi."

Ta roƙe shi ya zo ya faɗa wa sufeto. Ya yi wata 'yar dariya ya ce shaidar ɓarawo a kan ɓarawo? Sufeto zai ce kawu ne ya zo ceton ɗan 'yar'uwarsa, ya haɗa su ɗaki ɗaya. Wanda ya nutsar shi zai tsamo. Ya sare kan wata kwakwa ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba, ya ce ta sha, rana ta yi zafi, kada ta faɗi a nan a ce shi ya ture ta.

Ta sha, ta kama hanya. Amma ku san halin Alamelu. Tana tafe tana cewa a ranta, in kuma ƙarya ya shirya fa? Shekara talatin da shida sun ishi mutum ya goge ƙarya ta yi sumul. Ta zargi ɗanta, ta zargi ƙanenta, yanzu zargin ya iso gado ɗaya da ita, ba za ta yarda da shi ba sai ta ƙwanƙwasa ta ji.

Da rana ta shimfiɗa wa mijinta ganyen ayaba, ta zuba shinkafa da miyar tsamiya, ta zauna gefe tana masa fifita kamar kullum. Ta bari sai da ya yi loma uku, sannan ta fara hira kamar wadda ba ta da damuwa. Ta ce ta ga abin da aka kama yaron a kansa, ita dai ba ta ga abin sata a ciki ba. Mutane sun taru suna ta dariya. Wasu masassaƙan layin ƙasa sun ce wannan ba aikin masassaƙan sarakuna ba ne, wani ɗan koyo ne da bai san awo ba. Kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya, mundayen ƙafa a karkace. Ga wani tsuntsu an ɗora mata a hannu, kamar kazar da mura ta kama.

Hannunsa ya tsaya tsakanin ganye da baki.

"Aku ne," ya ce. "Kwana goma sha tara a kan fikafikan nan kaɗai. Wane jakin ne ya ce kaza?"

Ta ajiye mahucin. Ana jiyo ƙarar kurfi daga maƙwabta. Shinkafar ta zube daga yatsunsa.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce masa yaron ya gane, shi ya sa ya kulle rumfa, shi ya sa ya yi shiru gaban sufeto, ya gwammace gidan yari da a ji a layi. Elumalai ya ce ba wanda ya sa shi. Ya ce gwamnati na da masana, za su duba su sake shi. Ta ce in sun ce sabo ne, sunansa ɗan damfara. Ya ce idonsa ya tafi, hannunsa ya tafi, abin da ya rage masa a duniya magana ɗaya ce, ita ma so take ta ƙwace? Ta ce maganar ta riga ta ci mata ƙane, ba za ta ci mata ɗa ba.

"Litinin da hantsi," in ji ta.

Tun ranar da aka kawo ta gidan, a ganyensa take cin abinci bayan ya tashi, yadda uwarta ta yi, yadda kakarta ta yi. Ranar ta naɗe ganyen da sauran shinkafar a ciki, ta fita ta miƙa wa saniyar da ke yawo a layi. Ta dawo ta yanko sabon ganye, ta shimfiɗa wa kanta. Bai gani ba, amma ya ji ƙarar wuƙa a jikin ganye, ya kuma san abin da ya ji.

Lahadi bai fita dakali ba. Masu wucewa suka leƙo suna tambaya ko jikin ne, ta ce jikin ne. Bai yi mata magana ba, ba ta yi masa ba. Ta dai aika wa Marudan da mai tallan fure cewa gobe da safe tana caji ofis, in ya ga dama. Ita kanta ba ta san ko ita kaɗai za ta je ba.

Litinin tana sharar ƙofa ta ji ya ce a miƙo masa farin zanensa da ƙaramar gudumarsa. Ya kama gefen sarinta, ta shige gaba. Suka bi layin tun daga sama har ƙasa, kurfi na yin shiru rumfa bayan rumfa, mutane na fitowa suna bin su da ido, wasu da ƙafa. Da suka isa, an riga an fito da Tangarasu, motar kotu na jira. Marudan na tsaye can jikin katanga, da addarsa a ƙugu, kamar wanda hanya ce kawai ta biyo da shi.

Elumalai ya ce wa sufeto aikinsa ne, shi ya sassaƙa, shi ya jefa. Sufeto ya kurɓi shayi ya ce a wannan kujera ya ga uban da ya ce shi ya yi kisan da ɗansa ya yi, balle dutse. Tsohon ya ce to kada a bar shi ya taɓa tukuna. Daga inda yake tsaye, nesa da darbejiyar, ya ce tsagar ta taso daga bayan kunnen hagu, ta bi ƙarƙashin muƙamuƙi, ta mutu a kafaɗa. Ya ce ya cusa kakin zuma da garin dutse a ciki yana fatan ya ɓoye ta, da ya ga ba za ta ɓoyu ba ya haƙura. Sufeto ya ce wannan matarsa na iya gaya masa. Tsohon ya ce a kwantar da ita a duba ƙarƙashin gindin. Akwai rami mai zurfin yatsa uku, a toshe da ƙaro. Ya ce ba a sallamar Uwa hannu wofi, ko da wadda ba ta ga duniya ba ce, don haka ya sa mata rupi ɗaya kafin shi da mahaifin Kuppan su tura kwale-kwale.

Aka kwantar da ita. Gindin duk ɓawon kawa ne, ba a taɓa kankare shi ba. Kurtun ya yi ta ƙwaƙula da wuƙa, mutane sun yi cirko-cirko, Alamelu ta ƙura wa wuƙar ido, don har a lokacin wani gefe na ranta na cewa in babu fa? Sai wani abu ya faɗo ƙasa, ƙwal. Sufeto ya ɗauka, ya goge a wandonsa, ya ɗaga wajen rana yana karanta shekarar da ke jiki. Ya ce shi dai bai taɓa jin sarakunan da suna kashe rupi ba.

Sannan aka kai tsohon wurinta. Ya durƙusa ya shafa fikafikan akun, ya daɗe. Ya ɗaga guduma ya ɗan taɓa kafaɗar dama, dutsen ya yi amo kamar ƙararrawa. Ya taɓa wuyan, ya yi wani dusasshen sauti kamar tarin tsoho.

"Wannan tarin na ji shi tun a kan tsauni," ya ce, "ranar da na zaɓi dutsen. Amma dattawan ƙauyen na tsaye, an riga an fasa kwakwa a kansa, na riga na ce babu irinsa. Kunya ta hana ni in ce a sake wani."

Sufeto ya juya kan Tangarasu ya ce saura mai farar mota. Yaron ya dubi uwarsa, ya ce gaskiya da ya karɓa daga wurin Kuppan ya ɗauka tsohuwa ce, kuma da niyyar sayarwa ya karɓa. Sai da ya fara kankarewa ya ga aku, ya ga hannun da ya koya masa riƙon kurfi, ya ga guntun kaki a wuya. Daga nan ya rasa gaba ya rasa baya. Alamelu ta ce a ranta, ashe dai hancina bai yi ƙarya ba. Sufeto ya wanke shi tas da baki a gaban jama'a, ya ce motar kotu ta tafi abinta, sauran magana ta takarda ce.

Elumalai bai tashi daga durƙuson ba. Ya juya fuska wajen taron.

"Surukina na nan?"

"Shekara talatin da shida ina nan," in ji Marudan daga jikin katanga. "Da ido ma ba ka gan ni ba, sai yanzu?"

Tsohon ya ce mabuɗin da ya buɗe rumfa ranar nasa ne, kowa ya ji, a kai wa wanda bai zo ba. Ya ce Marudan ya faɗi abin da yake so. Mutane suka kasa kunne, wasu na jiran zagi, wasu na jiran kuka. Marudan ya tako ya tsaya a kan dutsen, ya ɗora tafinsa inda sumul ya haɗu da kaushi. Ya ce ba ya son komai na Elumalai. Amma ya bar aiki a ƙugu, kuma shi ba ɗan sarakunan da ba ne da zai ajiye aiki a tsakiya a yi ta tambaya shekara dubu. A ba shi dutsen wasa da ruwa.

An saki Tangarasu ranar Laraba, da sharaɗin ya riƙa zuwa sa hannu kowane mako har wata shida, ya kuwa je bai tsallake ko ɗaya ba, ya koma kan giwayensa. Kuppan ya tuna cewa komarsa takan kama dutse wani lokaci, aka ja masa kunne aka sallame shi. Mai farar mota bai sake shigowa layin ba. Marudan ya yi kwana goma sha ɗaya yana gogewa a gindin darbejiyar nan, hannunsa ya yi ƙanta ya fashe, har bayan Uwar ya yi sumul zuwa diddige. Masunta suka so a bar musu ita, masassaƙa suka ce tsagagge ba a buɗe masa ido, aka mayar mata da rupinta, aka kai ta teku da rana tsaka, gari na kallo. Elumalai ya ci gaba da zama a dakali, yana amsa gaisuwa, bai sake yin maganar nan ba har ya mutu bayan damina biyu. Marudan bai koma sassaƙa ba, bai kuma taka gidan ba sai ranar da aka fitar da gawar. Yana nan yana sayar da kwakwa a gindin Curin Man Shanu. Alamelu ce ke kai masa abincin rana kullum, ta zauna sai ya cinye, yana cewa gishiri ya yi yawa, tana cewa bai yi ba.